Kwana 16 a hanyar Ennedi: yadda ayarin masu hoto ya kusa dawowa hannu rabbana

Asalin tafiyar

Mutumin da wannan rubutu ya shafa mai ɗaukar hoto ne a Kano, ya haura shekara 20 a sana'ar. Abincinsa a biki yake da suna da hawan salla, kuma a wannan fagen ba a kai shi baya. Ba zan ambaci sunansa ba. Madugu muka riƙa ce masa tun ranar da ya tara mu, da shi kuma zan ci gaba da kiransa. Abin da ya daɗe yana cin ransa shi ne duk wani kyakkyawan hoton Sahara da ya ci karo da shi, sai ya tarar baƙo ne daga Turai ya ɗauka. Ya ƙudura zai haɗa baje kolin hotuna 40 na duwatsu da kwazazzaban hamada, kowanne a buga shi da faɗin santimita 60, kuma mutanenmu ne za su ɗauko su da hannunsu.

Wurin da ya zaɓa shi ne tsaunukan Ennedi, a arewa maso gabashin Chadi. Dutsen yashi ne wanda ruwa da iska suka sassaƙa tsawon zamani, suka bar kwazazzabai masu zurfi, da ginshiƙai tsaye, da duwatsu masu huda kamar bakan gizon soro. Mafi shahara a cikinsu shi ne bakan Aloba, tsayinsa kusan mita 120. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, saboda halittarsa da kuma zane-zanen mutanen dā da ke jikin kogunansa. A 2018 ƙungiyar kare namun daji ta African Parks ta fara kula da gandun dajin yankin tare da gwamnatin Chadi, faɗinsa kuwa wajen murabba'in kilomita 50,000.

Mu 8 ne masu kyamara, maza 6 da mata 2. Ni ne mai riƙon kuɗi da littafin tafiya, shi ya sa nake da lissafin da za a gani a ƙasa. Wani kamfanin yawon buɗe ido a Ndjamena ya ba mu motoci 4 masu shiga yashi, direbobi 4, kuku 1, da ja-gora, dattijo daga ƙabilar Goran, haifaffen yankin. Larabcin Chadi yake ji da Faransanci da harshensa. Kukun ne ke jin Hausa, shi ya zama tafintanmu.

Takardar tsarin da Madugu ya rubuta a Kano ta kasa kwanakin kamar haka: 4 na zuwa, 8 na aiki, 4 na komowa. A cikin kwana 8 ɗin ya jera wurare 14, har da tafkunan Ounianga da ke can arewa, waɗanda su ma UNESCO ta amince da su tun 2012. Kowace rana ya rubuta mata sa'o'inta: hoton safe daga 6:45, tashi 8:30, isa sabon masauki 5:00, hoton yamma daga 5:30 zuwa 6:15. Watan Janairu ne. Da wani ya tayar da maganar hazo, Madugu ya ce ya bincika: ƙurar da ke rufe Kano da hunturu daga kwarin Bodele take tasowa, inda iskar arewa maso gabas ke matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi ta kwashi busasshiyar ƙasar tsohon tafki. Mu kuwa za mu kasance a bayan wannan kwarin, ƙurar gaba za ta yi ta bar mu. Kowa ya gamsu.

Rana ta 1 zuwa ta 4: hanya

Daga Ndjamena muka bi kwalta ta Mongo zuwa Abeche, daga nan muka yi arewa ta Biltine har Kalait, inda aka cika jarkokin mai da na ruwa. Babu abin da ya faru sai abu ɗaya da na rubuta a littafi ban ba shi muhimmanci ba: kullum magariba tana riskarmu da wuri fiye da jiya. Mun gyara lokutan salla da ido, kamar yadda kowane matafiyi zai yi. Takardar tsari kuwa tana cikin jakar Madugu, babu wanda ya koma kanta.

Rana ta 5 da ta 6: alamun farko

Ranar farko ta aiki mun fito daga tanti da ƙarfe 6:30, muka tarar rana ta riga ta ɗago, jan hasken da muka zo nema ya fara komawa fari. Da yamma muka isa masauki ƙarfe 5:05. Kafin a sauke kaya a kafa ƙafafun kyamara, rana ta faɗi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Agogon Chadi da na Najeriya ɗaya ne, amma garin Fada, babban garin yammacin Ennedi, yana gabas da Kano da kusan digiri 13, kowane digiri kuwa minti 4 ne a tafiyar rana. A tsakiyar Janairu rana tana fitowa a Kano wajen 6:50 ta faɗi wajen 6:20. A Ennedi tana fitowa wajen 6:10 ta faɗi wajen 5:20. Ke nan duk lokacin da takardar ta ware wa hoton yamma, bayan faɗuwar rana yake. Kuma a wannan yanki rana ba ta jan ƙafa a gefen sama, miƙewa take yi kusan a tsaye, don haka taushin hasken safe da na la'asar sakaliya bai fi minti 30 zuwa 40 ba.

Madugu ya ja komai baya da awa ɗaya, muka ɗauka an gama. Rana ta 6 mun samu fitowar rana, amma a inda muka kwana, wanda fili ne da direbobi suka zaɓa don ƙasarsa tana da tauri kuma dutse ya kare iska. Wurin da muke so yana gaba da kilomita 18. Mun isa can ƙarfe 9, iska ta tashi, yashi yana gudu a ƙasa kamar hayaƙi, duwatsun nesa sun koma toka-toka. A ranar mun taɓa wurare 3, dukansu tsakanin hantsi da azahar.

Da dare aka buɗe hotuna a kwamfuta, sai ga matsala ta biyu. Sararin sama a hotunan mutum 5 cike yake da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ƙura ce ta zauna a kan sensa, farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Abin ya ba Madugu mamaki ƙwarai, don ya yi shekaru yana aiki cikin ƙurar dawakin hawan salla bai taɓa ganin haka ba. Bambancin yana wajen buɗin lensi. Mai hoton biki yana aiki a f/2.8 ko f/4 don fuska ta fito bayanta ya narke, a nan ƙurar sensa ba ta nunawa. Mai hoton fili yana tsuke ramin zuwa f/11 ko f/16 don komai ya fito daga gabansa har ƙarshen gani, a nan kuma kowane ƙwayar ƙura sai ta yi inuwa. Ga shi mun wuni muna cire lensi muna sa wani a tsakiyar iska, yawancin kyamarorinmu kuwa irin na zamani ne marasa madubi, da zarar an cire lensi sensa a buɗe take.

Rana ta 7: Archei

Wannan ita ce ranar da kowa ya biya kuɗinsa dominta. Archei kwazazzabo ne mai dogayen bango, a cikinsa akwai ruwa kwance da ba ya ƙafewa, irin wanda mutanen hamada ke kira gelta. Makiyaya suna koro raƙuma su sha, har ruwan ya yi baƙi saboda kashinsu, kuma a cikinsa akwai 'yan kadoji ƙalilan da suka rage tun zamanin da Sahara take da koguna.

Takarda ta ba Archei awa 2, tsakanin wani wuri da wani. Mun isa bakin kwazazzabon ƙarfe 12:20. Yawancin raƙuma sun sha sun fara fita. Rabin bangon rana ta ƙone shi fari fat, rabi kuma inuwa ce baƙa ƙirin, kyamara ba ta iya riƙe biyun a hoto ɗaya. Ganin ana shirin rasa komai, mutum 4 daga cikinmu suka ruga cikin garken da kyamarori a ɗage. Raƙuma suka firgita suka watse. Wata yarinya mai kora ta rufe fuska ta juya baya, wani namu bai sauke kyamara ba, sai ga wani magidanci ya taso da sanda yana faɗa. Ja-gora ya shiga tsakani, ya daɗe yana ba da haƙuri, sa'annan ya ce mu koma mota. Tun daga nan har dare bai ce wa kowa uffan ba.

Lissafin daren nan: kwana 3 na aiki, hotuna sama da 6,000 a memori, waɗanda muka yarda za su iya hawa bango 7.

Rana ta 7 da dare zuwa ta 8: abin da aka gwada

An gwada abubuwa da yawa cikin awa 24, kusan kowa da nasa maganin.

A kan ƙurar sensa, wani matashi ya ɗauko tsinken goge sensa mai jiƙaƙƙen baki ya goge tasa ba tare da ya fara hure ta ba. Ƙurar Ennedi ba irin ta ɗaki ba ce, akwai ɓarɓashin yashi a ciki, kuma yashi ya fi gilashi tauri. Ya ja layi siriri daga gefe zuwa tsakiya. Wannan kyamarar ta ci gaba da aiki, amma layin yana cikin kowane hoto da ta ɗauka daga ranar. Sauran suka tsorata suka koma hurawa da famfon roba, sai dai a waje suke yi, kyamara tana kallon sama, abin da ya fita bai kai wanda ya shiga ba.

A kan hazo, waɗanda ke da gilashin rage ƙyalli suka ɗaura a bakin lensi, don sun saba yana ƙara wa sama shuɗi. Bai yi komai ba sai rage haske. Wannan gilashin yana aiki ne a kan hasken da tsabtatacciyar iska ta watsa, ƙwayoyin ƙura kuwa manya ne, hasken da suke watsawa ba ya tacewa haka. An gwada cire hazon a kwamfuta, duwatsun suka fito da kala kamar an shafa musu manja, sama ta yi dabbare-dabbare.

Wuta ma ta ba da nata kason. Sanyin dare yana zuƙe batir, kowa kuma yana duba hotunansa har tsakar dare. Aka jona caja 6 da kwamfuta 2 a inbata ɗaya da ke cikin ramin kunna sigari na mota, ramin da ba a yi shi don ya ɗauki fiye da wat 150 ko kusa da haka ba. Fis ya ƙone. Direban yana da wani, amma ya ce daga yau babu mai taɓa masa mota.

Babban gwajin shi ne na asubar rana ta 8. Madugu ya yanke shawarar a raba ayari: motoci 2 su tashi da masu hoto ƙarfe 4:30 su riski fitowar rana a Aloba, sauran su biyo da kaya. Ja-gora ya ce ba a tuƙi a yashin nan da duhu, don da fitila direba ba ya bambance ƙasa mai tauri da mai laushi. Ya ƙara da cewa ba ko'ina ake sauka daga sawun mota ba a arewacin Chadi: an yi yaƙi da Libiya a nan, a Fada ma an gwabza a Janairun 1987, kuma akwai wuraren da aka binne nakiyoyi. Madugu ya dage, ja-gora ya shiga gaba don kada a tafi ba shi. Bayan minti 40 motar farko ta nutse har ciki a wani busasshen rafi. Awa 2 muna tono da shebur da hannu. Rana ta fito muna durƙushe a ƙarƙashin mota. Mun ga Aloba ƙarfe 10, cikin iska, ƙafarsa ɗaya a hazo.

Da azahar aka shiga wani kogo mai zane a Terkei, inda aka zana mahaya a kan dawakai suna sukuwa da jar ƙasa. Zanen ya dushe a idon kyamara, sai wani ya buɗe gorar ruwa zai yayyafa don kalar ta tashi. Ja-gora ya riƙe masa hannu. Ruwa yana narkar da gishirin cikin dutse ya fito da shi sama, fentin ya ɓanɓare, abin da ya yi ɗaruruwan shekaru a wurin ya tafi saboda hoto ɗaya. Na ji kunyar wannan fiye da ta Archei.

Daren rana ta 8: zaman shayi

A daren mutum 2 suka ce a mayar musu da abin da ya rage na kuɗinsu. Babbar cikin matan, wadda muke kira Hajiya, malama ce mai koyar da zane, ita ce ta sa aka zauna. Ta dubi Madugu ta ce, "Yaya, kwana 4 muna gaya wa bawan Allahn nan inda za mu. Ko sau ɗaya mun tambaye shi yaushe ake zuwa?"

Madugu ya yi shiru, sa'annan ya tashi da kansa ya je inda direbobi ke dafa shayi, ya tsuguna gaban ja-gora, ya ce wa kuku ya fassara: "Baba, mun yi maka laifi, ka yafe mu. Ga takardar. In kai ne mai kyamara, yaya za ka yi da kwana 4 da suka rage?"

Dattijon bai karɓi takardar ba. Ya share ƙasa da tafin hannu ya zana da yatsa. Abin da ya faɗa, kamar yadda kuku ya juya mana, abu uku ne ko huɗu. Iska a wannan wata tana kwana da dare, ta farka in rana ta ɗaga, ta yi ƙarfi daga hantsi zuwa azahar, ta lafa da yamma. Duk wanda ke son ganin nesa, to ya gan ta kafin ƙarfe 8. Kowane dutse yana da fuskar safe da fuskar yamma, kuma ya san su, ba a dai tambaye shi ba. Direbobi suna sauka inda ya fi musu sauƙi ne don babu wanda ya ce musu ana son kwana a gindin dutsen. Game da Archei kuwa, ba ta ƙasa ake ɗaukarsa ba, ta sama ake hawa, kuma ba a shiga wa mutane ruwansu ba sallama. Ounianga ya ce a manta da ita: kusan kwana 2 ne a mota, in aka je an gama tafiyar a kujera.

Cire Ounianga ya yi zafi, don hoton tafki a tsakiyar rairayi yana cikin abin da aka tallata wa kowa. Aka kaɗa ƙuri'a, 6 suka yarda, 2 suka ƙi. Aka bi masu yawa. Wurare 7 da suka rage a takarda suka koma 3.

Rana ta 9 zuwa ta 12: sabon tsari

Tsarin da aka bi daga nan mai sauƙi ne. Mota ba ta motsi sai tsakanin 10 da 2, lokacin da hasken ba shi da amfani. Ana sauka a inda za a yi hoto, tafiyar ƙafa ba ta wuce minti 15 ba. Da la'asar kowa ya fita ba kyamara, ko da waya kawai, ya nemi inda zai tsaya gobe, ya ajiye dutse a wurin, ja-gora yana nuna inda rana za ta ɓullo. Ƙarfe 5:15 na asuba an yi salla an fita, 5:40 kowa yana kan alamarsa.

Kowa ya zaɓi lensi ɗaya tun da dare, a cikin tanti, an zuge ƙofa, kyamara tana kallon ƙasa, a hura sannan a ɗaura, ba a sake cirewa sai wani daren. Mai son dogon lensi da gajere sai ya yi musaya da abokinsa, kyamara da kyamara. Kowane dare ana ɗaukar hoton farar takarda a f/16 don a ga ko ƙura ta ƙaru. Caji kuma ya koma layi: batir 2 a kowace mota, sai injin yana aiki, ni ke riƙe da jerin sunaye. Da dare batir yana kwana a cikin bargo tare da mai shi. An hana buɗe kwamfuta sai don kwafe hotuna.

Abin da ban zata ba shi ne yadda tsakar rana ta koma lokacin aiki. Hajiya ce ta fara lura. A cikin matsattsen kwazazzabo, in rana ta bugi bango ɗaya, hasken yana komawa kan ɗaya bangon da ke inuwa, ya mayar da shi ja kamar garwashi, mai taushi, ba ƙyalli ba baƙar inuwa. Sharaɗin kawai kada a bar sama ko bangon da rana ta buga ya shigo cikin hoton. A can ciki kuma iska ba ta kai wa. Hotuna 9 daga cikin waɗanda aka zaɓa daga baya a irin wannan wurin aka ɗauke su, tsakanin 11 da 1. Hazon ma da muka yi kwana 4 muna yaƙi da shi, da yamma in aka fuskanci rana da dogon lensi, sai ya rarrabe duwatsu layi-layi, na kusa baƙi, na bayansa ruwan ƙasa, na can nesa kamar hayaƙi. Wanda sensarsa ta tsage shi ya fi kowa cin wannan, don ya koyi ajiye layin a kan duhun dutse inda ba ya nunawa.

Archei aka ba kwana 2 cur. Yammacin rana ta 10 ja-gora ya ɗauki Madugu da kuku da sukari da ganyen shayi suka je wurin makiyayan. Magidancin nan mai sanda yana nan. An sha shayi, Madugu ya ba da haƙuri, aka yi sharaɗi: ba hoton mata, ba kusantar garke, ba jirgin hoto mara matuƙi a kan raƙuma. Washegari muka fara hawa da ɗan hasken asuba, wani yaro daga cikinsu yana gaba. Hawan ya ɗauke mu awa 1 da minti 20, da yashi da tsakuwa da wuraren da sai an dafa da hannu. A sama akwai wani ɗan dandamali da bai ɗaukar fiye da mutum 3 da ƙafafun kyamara, don haka aka yi layi, minti 10 kowane rukuni, wanda ya sauka ya koma baya ya zauna.

Muka jira. Ƙasan kwazazzabon duhu ne, ruwan kamar kwalta. Kukan raƙuman muka fara ji kafin mu gan su, bangon yana mayar da shi ninki biyu. Sa'annan suka fara shigowa ta bakin kwarin, goma, ashirin, har muka daina ƙirga, suna kutsawa cikin ruwa har gwiwa. Sai da hantsi ya dubi ludayi haske ya gangaro bangon yamma ya dawo kansu. Wannan yanayin bai fi minti 25 ba. Kada ɗaya muka gani, kwance a kan wani dutse can gefe, babu wanda lensinsa ya kai shi yadda ya kamata. Madugu ya ɗauki hoto 31 kacal a safiyar, shi da ya ɗauki sama da 400 a zuwan farko.

Rana ta 12 aka koma Aloba aka kwana a kusa da shi. Da asuba iska ba ta kwanta ba, ita kaɗai ce safiyar da ta saɓa wa abin da ja-gora ya faɗa. Mun samu bakan a hazo karo na biyu.

Bayan dawowa

An komo ta Kalait da Abeche, aka isa Ndjamena rana ta 16. A Kano muka zauna sau 3 muna tacewa. Daga kwana 4 na farko hoto 9 suka tsira, daga kwana 4 na ƙarshe 52, alhali yawan abin da aka ɗauka a kashi na biyu bai kai rabin na farko ba. An zaɓi 40, kowa yana da aƙalla 3 a ciki. Babu hoton Aloba ko ɗaya da ya kai a buga. Gyaran sensar da ta tsage ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kyamarar, aka yi karo-karo aka biya rabi. Ɗaya daga cikin mutum 2 da suka ƙi a cire Ounianga ya ba da hotunansa amma bai zo buɗe baje kolin ba, kuma har yau yana ganin an sayar masa da abin da ba a kai shi ba. An buga hotuna 5 na raƙuman Archei aka aika wa ja-gora ta hannun kamfanin, don ya kai wa makiyayan.

Abin da nake gani

Binciken Madugu a kan Bodele daidai ne, babbar ƙurar gaba take yi. Abin da ya tsallake shi ne iskar da ke ɗaga ta ta gefen Ennedi take bi, kuma tana da yashin da za ta ɗaga a nan ma. Kuskuren agogo shi ma ƙarami ne, an gyara shi a rana ɗaya. Ƙurar sensa da fis da gilashin rage ƙyalli duk sun ci mana lokaci, amma ko da babu ɗayansu, da tsarin farko ba za mu haɗa hoto 40 ba. Wurare 14 cikin kwana 8 yana nufin kowace safiya da kowace yamma, sa'o'i biyun da hoton fili ya dogara a kansu, za su same mu ko muna naɗe tanti ko muna cikin mota. Tsarin mai hoton biki ne, inda abin ɗauka yake jiranka a zaure kuma kai ke riƙe da fitila, aka ɗora shi a inda ba ka da iko da haske ko kaɗan.

Laifin bai tsaya kan Madugu ba. Mu 7 mun karanta takardar a Kano mun yaba, yawan wuraren ne ma ya sa wasunmu suka biya. Ni da ke rubuta lokacin magariba kullum a littafi ina da abin da zai nuna kuskuren agogo tun a Abeche, ban haɗa biyun ba. Kamfanin ma ya ga takardar ya karɓa bai ce komai ba. Wanda ya ƙi yarda a cire Ounianga yana da hujja, don an yi masa alkawari, kuma da an tsara tafiyar da wurare 5 tun farko da babu wanda za a karya wa alkawari a tsakiyar hamada.

Abin da ya juya tafiyar shi ne mayar da yanke lokaci hannun mutumin da ya san iskar wurin da fuskokin duwatsunsa, kuma wannan yana cikin motarmu tun daga Ndjamena. Mun ɗauke shi a matsayin mai nuna hanya kawai, mun biya shi don haka, muka yi kwana 8 muna amfani da ɗan kaɗan daga abin da ya sani. Na yaba wa Madugu da ya iya tashi ya tsuguna gaban dattijon a idon yaransa, ba kowane uban tafiya zai yi ba. Amma zaman shayin nan na minti 40 a daren rana ta 4 ya kamata a yi shi, a Kalait, kafin taya ta taɓa yashin Ennedi. Da an yi haka, da sensa ɗaya ba ta tsage ba, da ba a firgita raƙuman mutane ba, kuma da Aloba ya samu safiya uku maimakon ɗaya.